An ga kumburi a jijiyar hantar Mama amma an ce ba aiki yanzu

Tambaya: Salam likita, dan Allah mahaifiyata ce aka yi wa sikanin saboda ciwon ciki sai aka ce jijiyar da ke kai jini hanta ta kumbura har santimita 2.3, likitan ya ce mu dawo bayan wata shida kawai. Wallahi na kasa barci, ba gara a yi mata tiyata ba kar ta fashe?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Jijiyar da kike magana ita ce ke kwaso jini daga hanji da saifa ta kai shi hanta, faɗinta a mai lafiya ba ya wuce wajen santimita ɗaya da rabi. Kumburinta abu ne da ba kasafai ake gani ba, sai a 1956 aka fara rubuta rahotonsa, kuma yawanci haka ake cin karo da shi, an je neman wani abu daban.

Ni dai ban ga sakaci a wajen likitanku ba. Jinin da ke bin wannan jijiya ba shi da ƙarfin bugu irin na jijiyar da ke fitowa daga zuciya, shi ya sa fashewa ba ta cika faruwa ba, abin da muka fi tsoro shi ne jini ya daskare a ciki, ko kumburin ya danne bututun matsarmama ido ya koma rawaya. Sai ya wuce santimita 3, ko an ga yana ƙaruwa, ko ya fara jawo matsala muke maganar wuƙa. Idan gefe ɗaya ya bultso kamar jaka sai a yanke rarar a ɗinke jijiyar, in kuma duk zagayen ne ya buɗe a cire wurin a yi joni da wata jijiya ko ta roba. Aiki ne babba kusa da hanta, ba a shigarsa don tsoro kawai.

Amma dan Allah a duba hantar kanta, a yi gwajin ciwon hanta na B da C da tsargiyar hanji, don a yankinmu su ke taurara hanta jini ya rinƙa taruwa a cikin wannan jijiya, kuma in haka ne maganin ya canza gaba ɗaya. In kika ga ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya, aman jini ko baƙin bayan gida, kar ki jira wata shidan nan, a daren ku tafi asibiti.