Plastograf: Dabarar Bugun Zane ta Bruce Onobrakpeya

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zane ne. Na ji an ce Bruce Onobrakpeya ya gano salon bugun zanensa ne bayan asid ya ɓata masa farantin ƙarfe da ake buga zane da shi. Gaskiya ne? Kuma ta yaya zan gwada?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. An haife shi a 1932 a Agbarha-Otor da ke jihar Delta ta yanzu. Ya shiga kwalejin fasaha ta Zariya a 1957, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da Uche Okeke da Demas Nwoko. A 1967 ya sa farantin tutiya a asid ɗin haidirokulorik, asid ɗin ya cinye shi fiye da kima. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite. Da ya buga, tudun gam ɗin ya fito a takarda da zurfi kamar sassaƙa. Wannan ne ya kira plastograf.

Kai ba ka buƙatar asid, kuma ina roƙonka ka nisance shi, domin tururinsa na illa ga huhu da ido. Aikin yana cikin gam ɗin.

Ka goge farantin da samfefa ya yi kaushi, ka wanke maiƙon jikinsa tas. Ko shatin yatsa ya rage, gam zai ɓare a tsakiyar bugu. Gam ɗin Araldite a bututu biyu yake zuwa; ka matso ruwan kowanne daidai wa daida, ka gauraya har launinsu ya zama ɗaya. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, gam ɗin zai zauna da danƙo, ya kama takarda ya yage ta. Ka shimfiɗa shi, ka bar shi ya kwana ya wuni, sannan ka sassaƙa layukanka a kai. Ka tuna hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu.

Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne tsayin tudu. Kada ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu, kuma ka kankare gefensa ya gangaro a hankali. Idan gefen ya miƙe tsaye, takarda ba za ta kai gindinsa ta ɗauko tawada ba, sai ka ga farin zobe ya kewaye kowace siffa. Kaifinsa kuma yana yanka bargon da ake shimfiɗawa a kan takarda a injin bugu.

Ka cusa tawada cikin ramuka da ɗan guntun kwali, ka share saman da yadi mai shara-shara. Takarda ta zama ta auduga, mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita. Ka jiƙa ta kamar minti ashirin, ka tsane ta tsakanin tawul biyu har ƙyallin ruwa ya ɓace daga fuskarta. Busasshiya tsagewa take yi, wadda ta jiƙe sharkaf kuma ba ta karɓar tawada mai mai. Ka ɗora takardar a kan farantin cikin injin bugu, ka ƙara bargo mai laushi, ka fara da matsi kaɗan, kana ƙarawa a kowane gwaji.

Idan kana son ganin aikin ido da ido, taron horaswa na Harmattan da ya kafa a garinsu a 1998 yana tara masu zane don irin wannan koyo.