Tambaya da Amsa: Tufka da Warwara a Labarin Gidan Foxworth

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabin Turanci a nan Jidda. A hutun da ya wuce na karance littattafai biyar na V. C. Andrews waɗanda suka bi tarihin zuriyar gidan Foxworth, daga Flowers in the Attic har zuwa Garden of Shadows. Labarin ya riƙe ni ƙwarai, amma da na kai ƙarshe sai na ga kamar an yi mini tufka da warwara. A littafin farko an ce mahaifin yaran baffan mahaifiyarsu ne, a na ƙarshe kuma aka ce su biyun uwarsu ɗaya. Wani da aka ce ƙanƙara ta binne shi ya dawo da ransa. Sannan ta yaya za a ɓoye yara huɗu fiye da shekara uku a gidan da ke cike da masu aiki? Yayata ta ce in daina bin diddigi, wai ai labari ne. Shin marubuciyar ce ta yi kuskure, ko ni ce ban fahimta ba?
Daga wata mai karatu, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ki yi laifi ba da kika bi diddigi, sai dai abubuwan da kika lissafa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wanda ya fi ɗaga miki hankali shi ne ya fi sauƙin warwarewa.

Maganar dangantaka ba saɓani ba ce. Cathy, yarinyar da ke ba da labari a littafin farko na 1979, tana da shekara 12 lokacin da mahaifinta ya rasu a haɗarin mota, kuma duk abin da ta sani game da asalin iyayenta daga bakin mahaifiyarta Corrine ta ji shi. Ita kuwa Corrine abin da aka raine ta a kai shi ta faɗa, domin har ta girma tana ɗauka Olivia, matar mahaifinta, ce ta haife ta, alhali Alicia ce, matar kakanta, wadda ita ce kuma mahaifiyar mijin da ta aura. Littafin ƙarshe Olivia ce ke magana a cikinsa, kuma ita ce ta riƙe wannan sirri. Wanda bai sani ba ya faɗi iyakar saninsa, wanda ya sani ya zo daga baya ya ƙarasa. Ko a gidajenmu, salsalar da jika zai karanto miki ba za ta kai wadda tsohuwar gida ta haɗiye ba. Irin wannan adabi da Turawa ke kira gotik, wanda ake danganta farkonsa da The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, dama a kan wannan aka gina shi: tsohon gida, gado da ake rikici a kansa, da laifin kakanni da ke bin jikoki.

Haka ma batun wasiyya, wanda na san yana ɗaure wa masu karatunmu kai ko da ba ki ambace shi ba. Mu da muka tashi a inda rabon gado yake da ƙayyadadden kaso, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi, muna jin abin banbaraƙwai a ce mahaifin Corrine ya rubuta cewa 'yarsa za ta rasa komai idan aka gano ta haihu da mijinta na farko. Amma labarin a jihar Birjiniya ta Amurka yake, inda mai dukiya yake da ikon hana ɗansa baligi gado, don haka nan ma ba a kama marubuciyar ba.

Dawowar Joel, ɗan'uwan Corrine da aka ce ƙanƙara ta binne, a Seeds of Yesterday na 1984 ita ce ta fara wari. Gaskiya ne an bar ƙofa a buɗe tun farko, tunda ba a taɓa ganin gawarsa ba, kuma an kawo uzurin cewa wasu masu zaman ibada ne suka tsince shi ya zauna a wurinsu a Italiya. Hankali zai iya ɗauka, amma zuciya ba ta yarda ba, saboda a fili yake cewa an tono shi ne don ana bukatar wani tsoho mai wa'azin tsoratarwa bayan tsofaffin gidan duk sun mutu. Gidan kansa ma da ya ƙone a ƙarshen Petals on the Wind na 1980, sake gina shi aka yi kamar yadda yake a da, don a sami inda za a maimaita wasan.

Inda na tsaya tare da ke sosai shi ne maganar masu aiki. A yi wa marubuciyar adalci, ta yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi: an ajiye yaran a wani ɓangare na gidan da ba a shiga, kakar tana kawo kwandon abinci da sassafe kafin kowa ya tashi, ranar da za a share ɗakin kuma yaran su kwashe kayansu su haye ɗakin ƙarƙashin rufi, sannan aka ce wa barori ɓeraye ne ke motsi a sama, gubar da ake hawa da ita ma ta ɓerayen ce. Amma duk macen da ta taɓa riƙe gida ta san cewa abinci ba ya ɓoyuwa. Cimar mutum huɗu kullum, har fiye da kwana dubu, dole mai dafa abinci ta ga madara da burodi suna ƙarewa ba bisa lissafi ba. Ga ƙarar ruwa a famfo, ga shara, ga tagwaye ƙanana waɗanda ba su san a yi kuka a hankali ba. Ki tambayi kowace baiwar Allah cikin 'yan'uwanmu da suka yi aikatau a manyan gidajen Jidda ko Makka, za ta gaya miki cewa kafin maigida ya san abin da ke faruwa a gidansa, madafa ta riga ta sani. Na taɓa shiga ɗaya daga cikin tsofaffin benayen nan na unguwar Balad masu tagogin katako, wani yaro ya ruga a hawa na uku, mu da ke ƙasa muka ji kamar a kanmu yake taka ƙafa. Gidan Foxworth ya fi su girma nesa ba kusa ba, na yarda, amma shekara uku ba kwana uku ba ce.

Abin ya ƙara dagulewa da John Amos, babban hadimin gidan. A littafin farko an ji shi yana hira da wata 'yar aiki a kan ɓerayen sama kamar wanda bai san dawan garin ba, a na ƙarshe kuwa sai ga shi ɗan'uwan Olivia ne kuma abokin shawararta a kan ɓoye yaran. Mai son kare littafin zai ce ai ƙarya ya shirya wa yarinyar don ya rufe asiri, kuma hakan mai yiwuwa ne, amma faci ne da mai karatu ya ɗinka da kansa, ba marubuci ne ya ɗinka masa ba.

A nan ne tarihin littattafan yake da amfani. Andrews ta rasu a watan Disamba na 1986, Garden of Shadows kuma ya fito a 1987 bayan magadanta sun ɗauko Andrew Neiderman ya kammala shi, shi ne kuma ya ci gaba da rubutu da sunanta shekaru da dama. Labarin da aka fara daga tsakiya, aka ja shi gaba har littafi huɗu, sannan wani hannu ya koma ya gina masa tushe, ba abin mamaki ba ne a ga bango bai hau daidai kan harsashi ba. Masu karanta littattafanmu na Kano masu kashi na ɗaya da na biyu da na uku sun san wannan ciwo, inda ƙanwar da aka aurar a kashi na ɗaya za ta bayyana budurwa a na uku.

Akwai abu ɗaya da mutane ke kira giɓi wanda ni ban ɗauke shi haka ba, wato dalilin da ya hana yaran gudu da wuri, alhali manyan biyu sun taɓa sauka daga rufi da igiyar da suka ƙulla da zannuwan gado, suka yi iyo a tafki, suka komo da ƙafarsu. Tagwayen suna tsoron hawa rufi, wannan ɗaya ke nan, amma babban abin da ya ɗaure su shi ne alkawarin uwa, wadda kullum take cewa saura kaɗan tsohon ya mutu su fito su ci arziki. Sai da ɗaya daga cikin tagwayen, Cory, ya mutu, suka gano cewa kakan ya daɗe da rasuwa, suka kuma gwada fanke mai barbaɗen sukari da ake kawo musu a kan ɓeran da suke kiwo ya mutu, sannan suka yarda cewa wadda ta haife su ce ke ba su guba. A ganina nan ne marubuciyar ta fi kusa da gaskiyar ɗan Adam.

Idan yayarki ta sauya ra'ayi tana son karantawa, ki ba ta su bisa jerin fitowarsu, kada ta fara da na 1987 don kawai shi ne farko a tarihin zuriyar, domin zai tona mata komai tun kafin ta shiga ɗakin. Ƙannenki kuwa a dakata musu tukuna, akwai al'amura a ciki da ba na yara ba ne.