Kafa injin iska a jirgin ruwa

Tambaya: Ina su a kogin Galma. Na sayi ƙaramin injin samar da lantarki da iska mai wat 400 don cajin batirin fitilata. Yaya zan kafa shi a jirgi?
Mai karatu daga Dakace, Zariya

Amsa: Malam, fara duba jirgin naka. In siririn kwalekwale ne, ka haƙura ka sa faifan sola, domin nauyi a sama kifar da shi zai yi.

In mai faɗi ne, a baya za ka kafa shi, kan bututun ƙarfe mai kauri, inci ɗaya da rabi. Tsayin nan shi ne abin da ba a wasa da shi: bakin farfela ya wuce inda hannun mutum ke kaiwa in ya miƙe tsaye. Idan tana gudu ba a ganin fukafukanta, kuma tana iya datse yatsa ko ta cafke igiyar taru.

Kada ka ɗaure gindin bututun da ƙusa. Huda katakon, ka sa noti da faranti ta ƙasa, da roba a tsakani don girgiza tana kwance noti. Tokare bututun da ƙarafa biyu, kowanne ta gefensa.

Wayar ta bi cikin bututu zuwa kwanturola (na'urar da ke daidaita caji), sannan batir mai bolt 12, da fis mai amfiya 40 dab da batirin. Sa makunnin birki, wato wanda ke tsayar da farfela. Guguwar farkon damina a Zariya ba ta sallama, da ka ga hadari ya haɗo, kashe injin, sai ya tsaya cik sannan ka ɗaure fiffike ɗaya da igiya.