Tambayoyin Masu Karatu: Wai Ni Ping 'yar fim ce ko mai gabatar da shiri?

Tambaya: Salam Anti, don Allah ki raba mana gardama ni da yayana. Mun ga bidiyon wata dattijuwa 'yar Chaina sunanta Ni Ping tana riƙe da hannun wata uwa da ɗanta ya ɓata, duk suna ta kuka, shi ya ce 'yar fim ce, ni kuma na ce mai gabatar da shiri ce a talabijin. Daga ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Ke da yayan naki duk kun yi daidai, sai ku sasanta.

A lardin Shandong aka haife ta a 1959, kuma da wasan kwaikwayo ta fara tun tana budurwa kafin gidan talabijin na ƙasa wato CCTV ya ɗauke ta a 1990. Shekara na zagayowa sai ga ta tana gabatar da bikin daren sabuwar shekarar Sinawa, shirin da kusan kowane gida ke kunnawa ana cin abinci, sau 13 fa ta yi shi, to kin ga ai dole fuskarta ta zauna a idon mutane har su manta daga ina ta fito.

Ana cikin haka aka haifa mata ɗa da ciwon ido a 1999, ta shafe shekaru tana jigilar kai shi asibiti a Amurka. A tsakanin nan ta koma fim. A 2002 ta fito a matsayin malamar makarantar wani ƙauye da ruwan sha ma wahala yake, ba kwalliya ba komai, wannan fim ɗin ne ya ciyo mata kyautar Golden Rooster ta gwarzuwar jaruma, a 2006 kuma ta ƙara wata a bikin fina-finai na Montreal a Kanada.

Bidiyon da kuka gani ina kyautata zaton daga shirin Deng Zhe Wo ne, ma'ana ku jira ni, wanda ta fara gabatarwa a 2014. Ana nemo mutanen da suka ɓata, wasu tun suna yara aka sace su, sai a kai mai nema gaban wata ƙatuwar ƙofa a buɗe, wani sa'in ɗan ya fito, wani sa'in wayam.

Sinawa da yawa suna mata tsiya wai ta cika sa mutane kuka. Ni dai gaskiya ban ga laifinta ba, uwar da ta yi shekara ashirin ba ta ga ɗanta ba, wa zai ce mata ta yi shiru?