Ɗana Ya Ce Mun Kusa Hutawa da Shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekarunsa 16. Tun da ya faɗi jarrabawar kammala ƙaramar sakandare (BEPC) ya koma haya da babur ɗin kawunsa, ya daina cin tuwo da 'yan'uwansa. Ina wanki na tsinci tramol a aljihun wandonsa. Shekaranjiya ya ce wa ƙanwarsa, "Kun kusa hutawa da ni." Babansa ya ce surutun 'yan ƙwaya ne, bulala ce maganinsa. Ni hankalina bai kwanta ba.
Wata uwa, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kina da gaskiya. Maganar da ya faɗa wa ƙanwarsa ta fi ƙwayar tayar mini da hankali.

Tramol dangin mofin ne, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na bakin tasha kuwa har mai 200 da 225 ake sayarwa. Ana cewa don ƙarfin aiki yara ke sha, amma da yawansu baƙin ciki suke dannewa. Da ƙwayar ta sake shi, damuwar sai ta dawo fiye da da, ga rashin barci, ga zufa, ga ciwon gaɓɓai. In tana jikinsa kuma, ba ya tsayawa tunani kafin ya aikata abu. Haɗarin ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashe kai ne na uku cikin abubuwan da ke hallaka 'yan shekara 15 zuwa 29.

Yau da dare, bayan isha, ki kira shi ɗaki ku biyu. Ki tambaye shi ƙarara: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa yaro wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi yake ji. In ya fara magana, ki saurara, ki ajiye wa'azin wuta sai wani lokaci.

Kafin nan ki kwashe magungunan gida, da maganin feshin auduga in kuna ajiyewa, ki kulle. Kada ya kwana shi kaɗai.

Maigida kuma, ki lallaɓa shi, ko ki sa yayansa ya yi masa magana: duka zai ƙara wa yaron jin cewa shi kaya ne a wuyanku. Kada a yanke masa ƙwayar dare ɗaya, likita ne zai tsara ragewar. Gobe da safe ku je asibitin yanki, ki nemi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, ki tafi da ƙwayar a jakarki. In kuwa kika ga yana jijjiga ko numfashinsa ya yi ƙasa, kada ku jira gari ya waye.