Me Ya Sa Gidan Firayim Ministan Birtaniya Ɗan Ƙarami Ne, Kuma Baƙi Ƙirin?

Tambaya: Malam, kullum a labarai ina ganin gida mai lamba 10 a Titin Downing. Yaya aka yi babbar ƙasa kamar Birtaniya ta ajiye shugabanta a ɗan tsukukun gida haka? Kuma me ya sa aka gina shi da baƙin bulo? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kyamara ce ta yaudare ka. Abin da kake gani fuskar gidan ce kawai, ciki kuwa ɗakuna kusan 100 ne.

Sir George Downing ne ya gina jerin gidajen tsakanin 1682 da 1684, irin ginin attajiran Landan: gaba matsattse, gida manne da gida, sai a yi sama da benaye saboda tsadar fili. Kicin a ƙarƙashin ƙasa, masu aiki su kwana can ƙololuwa. Downing dai ɗan neman riba ne, ya yi aikin ha'inci. Wurin fadama ce, amma bai zurfafa harsashi ba, har zane aka yi wa bango don bulo ya zama kamar an jera shi daidai.

A 1732 Sarki George na Biyu ya ba Sir Robert Walpole, wanda ake ɗauka a matsayin firayim ministan Birtaniya na farko, gidan kyauta. Walpole ya ce ba zai karɓa a matsayin nasa ba, sai dai ya zama na mai riƙe da muƙamin shugaban baitulmali, muƙamin da firayim minista ke riƙewa. Shi ya sa har gobe wannan muƙamin ne a rubuce jikin ramin jefa wasiƙa na ƙofar. Mai zanen gine-gine William Kent ya haɗe ɗan gidan da wani katafaren gida da ke bayansa, Walpole ya tare a 1735. Sirrin girman ke nan.

Batun baƙin bulo ya fi ba ni dariya. Da aka tashi babban gyara a 1960, zamanin Firayim Minista Harold Macmillan, an tarar katakon harsashin ya ruɓe, sai da aka kusan sake gina gidan gaba ɗaya, aikin ya kai 1963. Da aka wanke bango, ashe bulon rawaya ne! Hayaƙin kwal na shekaru sama da 200 ne ya rine shi. Tunda ido ya saba, sai kawai aka shafa masa baƙin fenti.

Ƙofar ma ba ta asali ba ce. Bayan harin da 'yan IRA, mayaƙan da ke neman raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, suka kai wa gidan a Fabrairun 1991, lokacin Firayim Minista John Major, an cire ta katako aka sa ta ƙarfe. Ba ta da kafar makulli daga waje, ko firayim minista sai wanda ke ciki ya buɗe masa.