Haɗa Sabobin Biled Da Tsohon SAN Ba Tare Da An Kayar Da Shi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wurin aikinmu muna da SAN (hanyar da ke haɗa sabobi da rumbun ajiyar bayanai) na Fibre Channel da ya daɗe yana aiki lafiya lau: suwici biyu na Brocade masu gudun 8G da rumbun ajiya guda. Yanzu za a kawo mana akwatin sabobin biled, wato siraran sabobin da ake zurawa cikin akwati ɗaya, mai ɗaukar guda 16, ga shi kafofi shida kacal suka rage a kowane suwici. Mai sayarwa ya ce mu zaɓi abin da za a saka a bayan akwatin. Ni dai tsorona kada in jona waya in rusa abin da ke tsaye. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoron nan naka yana kan hanya, don yawancin ɓarnar da ake yi a irin wannan aikin tana faruwa ne a daidai lokacin da aka cusa waya ta farko. Shawarata a taƙaice: ka sa akwatin ya shiga SAN ɗinku a matsayin tarin sabobi, kada ya shiga a matsayin sabon suwici.

Sabar biled ba ta da wurin jona wayar gilashi a jikinta. Ƙaramin katin HBA, wato katin da ke haɗa saba da SAN, ake dasa mata a ciki, irin na QLogic ko Emulex, shi kuma ya bi ta allon tsakiyar akwatin ya ɓullo a wani gurbi na baya. Wane gurbi ne, wannan ba zaɓinka ba ne, a ƙere yake. A akwatin HPE c7000 misali, katin da ke mazauni na 1 yana fita ne ta gurbi na 3 da na 4. Ka saka katin a wani mazaunin, na'urar baya kuma a wani gurbin, sai ka wuni kana zargin waya alhali ba ruwanta.

Abu uku ake iya sakawa a gurbin. Na farko na'urar wucewa kai tsaye, wadda ba ta da wayo ko kaɗan: kowace saba da wayarta har zuwa babban suwici. Saba 16 na nufin kafa 16 a kowane ɓangare, kai kuwa shida gare ka. An rufe wannan babin.

Na biyu cikakken suwici a cikin akwatin, wanda zai haɗu da naku su zama fabirik ɗaya, wato tarin suwici masu aiki a haɗe. Yana aiki, amma da kaya a kansa. Kowane suwici sai ya karɓi lambar domen tasa, wadda ke bambanta shi da sauran, kuma duk da cewa ƙa'ida ta ba da dama har 239, kamfanoni ba sa lamunce maka ko kusa da haka. Idan lambarsa ta yi karo da ta wani, ko ya zo da tsarin shiyyoyi (tsarin da ke ƙayyade wace saba ce za ta ga wace kafar rumbu) da ya saɓa wa naku, haɗin zai tsinke. Idan kuma kamfaninsu ya bambanta, a ce Cisco a akwati Brocade a waje, sai an koma yanayin sulhu da ke kashe wasu fasahohin kowannensu. Na taɓa zuwa wani wuri da aka ɗauko suwicin biled daga ɗakin gwaji aka jona ba a goge shi ba. Fitila na ci, waya lafiya, amma da muka buga umarnin switchshow sai ga kafar an rubuta mata segmented, wato an ware ta, saboda rikicin shiyyoyi. Sun ma yi sa'a da fabirik ɗin ya ƙi karɓar baƙon. Da a ce tsarin biyu sun haɗe, da sai an zauna tsince shiyyoyin gwaji ɗaya bayan ɗaya daga cikin na aiki.

Na uku shi ne wanda nake so ka ɗauka, wato yanayin ƙofa da ke dogara da NPIV. Brocade na kiransa Access Gateway, Cisco na kiransa NPV, haka kuma Virtual Connect na HPE yake aiki. Dabarar ita ce kafa ɗaya ta ɗauki shigar sabobi da dama, kowace da lambarta ta WWPN, wato lambar shaidar kafar katinta, da adireshinta. Babban suwicinku ba ya ganin wani suwici a gabansa, sabobi kawai yake gani suna shigowa ta ƙofa ɗaya. Ba sabuwar lambar domen, ba haɗewar shiyyoyi, kuma bambancin kamfani ya daina zama abin damuwa sosai. Sharaɗinsa shi ne NPIV ya kasance a kunne a kafofin babban suwicin. A Brocade ka duba da portcfgshow, a Cisco MDS kuwa umarnin feature npiv ne ke kunna shi. A ɓangaren akwatin, juya suwici zuwa wannan yanayin yana goge saitin da ke kansa, har ya sake tashi. Don haka ka yi shi tun wayoyi suna ajiye a gefe.

Sai lissafin kafofinka. Ka ba akwatin huɗu a kowane suwici, ka bar biyu don ranar tsiya. Saba 16 a kan waya huɗu, kowace waya na ɗauke da huɗu ke nan, kuma layin 8G yana jan kusan megabait 800 a daƙiƙa ta kowace fuska. Ga yawancin aiki ya wadatar. Amma ka lura da wani abu da mutane ke mantawa: in ba a ɗaure wayoyin sun zama dami ɗaya ba, kowace saba a waya ɗaya take rataye. Idan manyan sabobin rumbun bayanai guda biyu suka faɗa kan waya ɗaya, za su yi ta cunkoso sauran ukun na hutawa. Ka duba taswirar rabon ka raba su da hannunka. Ɗaure wayoyin kuwa yana buƙatar ɓangarorin biyu su zama na kamfani ɗaya, a Brocade ma har da lasisi.

Kafin a biya kuɗi ka tambayi gudun na'urar. Ƙwayar SFP, wadda ake cusa wa kafa a jona mata wayar gilashi, tana sauka baya ne mataki biyu kawai: ta 16G tana jin 8 da 4, ta 32G tana jin 16 da 8. Da suwicinku na 8G duka biyun za su tashi, amma da na 4G ne da ta 32G ba za ta ko gaisa da shi ba. Nisa ma da iyaka: wayar OM3 tana kai mita 150 a 8G, ta ragu zuwa 100 a 16G. Sannan ka sa mai sayarwa ya nuna maka a jadawalin dacewa na kamfanin rumbun ajiyarku cewa katin HBA, manhajar cikin suwici da tsarin aikin sabobin duk an amince da su tare. Tsohon suwici da aka shekara ba a sabunta ba, nan yake tona asirin kansa.

Ranar aiki kuwa, ɓangare ɗaya ake taɓawa. Ka adana kwafin saitin suwici biyun da configupload, ka tabbata tsoffin sabobinku duk suna ganin rumbu ta hanyoyi biyu, sannan a cikin na'urori biyun da ke bayan akwatin ka jona ta hagu zuwa fabirik A kaɗai, wato suwicinku na farko. Ta dama ta B ce, wato suwici na biyu, kuma har abada kada waya ta tsallaka tsakaninsu, don rabuwar nan ita ce kariyarku. In abu ya yi kyau, switchshow zai nuna kafar a matsayin F-Port, wato kafar da saba ke shiga ba ta haɗin suwici da suwici ba, da adadin masu shigowa ta NPIV a gefenta. Kada hankalinka ya tashi idan sabuwar saba ba ta bayyana ba. Katin ba ya shiga fabirik sai an loda direbansa ko an kunna BIOS ɗinsa.

Shiyyoyi a babban suwici za ka yi su, da lambar WWPN, ba da lambar kafa ba. Shiyyar da aka gina a kan kafa za ta kwashi duk sabobin da ke bayan wayar, kuma idan waya ta mutu saba ta koma wata, sai ta tsinci kanta a waje. Kowane katin HBA da shiyyarsa shi da kafofin rumbu. Daga nan ka je rumbun ka nuna masa wace saba ce ke da wane LUN, wato yankin rumbun da aka ware mata, ka kunna manhajar hanyoyi da yawa, MPIO a Windows ko DM-Multipath a Linux. Idan akwatin yana ba da lambobin WWPN na aro, kamar yadda Virtual Connect da Cisco UCS suke yi, ka yi amfani da su: saba ta lalace, ka zare ka zura wata, lambar na nan, ba sai an taɓa shiyya ba.

Gwajin ƙarshe kafin a ɗora aiki na gaske: ka sa saba ɗaya tana rubutu a rumbu, ka zare wayar A da hannunka, ka ga ko rubutun ya ci gaba. Ka mayar, ka jira hanyoyi su dawo cif, sannan ka zare ta B.